Otal Mai Ƙofa Biyu

Ranar Litinin da hantsi aka gano jakar ba ta nan. Ƙaramar jaka ce ta fata, ruwan ƙasa, wadda Hajiya Saudatu ke ajiyewa a durowar gefen gadonta a gidansu na unguwar Erdington a Birmingham. A cikinta akwai fasfo ɗinta da na maigidanta Dakta Ashafa, da sarƙar gwal ɗin da mahaifiyarta ta bar mata. Ranar Asabar ne jirgin ruwan da zai kai su yawo bakin tekun Norway zai tashi daga Southampton, tafiyar da 'ya'yansu biyu, Bara'u da Inaya, suka shirya musu don cikar aurensu shekara arba'in. In babu fasfo, babu tafiya.

Ranar Lahadi gidan cike yake da jama'a, domin an yi walimar sallama. Mutum sama da talatin sun shiga sun fita, amma kafin azahar ɗin Litinin Hausawan Birmingham sun riga sun yanke hukunci a wayoyinsu. Sunan mutum ɗaya ne ke yawo: Nentawe, 'yar Filato, wadda ke zuwa kula da Hajiya kwana huɗu a mako tun da aka yi mata aikin gwiwa shekara biyu da suka wuce. Ita ce mai hawa sama ba tare da an tambaye ta ba. Bara'u ya zazzage jakar Nentawe a ƙofar gida a gaban maƙwabta, bai sami komai ba, duk da haka ya kira kamfanin da ya turo ta, suka dakatar da ita. Ya ce saura 'yan sanda. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mace da takardun zamanta a ƙasar ke rataye da aikinta.

Limamin masallacinsu ne ya sa baki, ya ce kafin a kai maganar waje a ba Malam Gimba kwana uku.

Gimba tsohon ɗan sandan farin kaya ne daga Kaduna. Ya yi shekara ashirin yana gadin shaguna a Perry Barr kafin ya ajiye aiki. Mahaifinsa bin sawun shanun sata yake yi a dazukan Zuru, shi kuma ya gaji haƙurin, ko da yake a nan babu ƙasa mai riƙe sawu, sai bakunan mutane. Tun rasuwar matarsa Sabuwa bara ya rage shiga harkar jama'a, amma bai iya ce wa liman a'a ba.

*

Da safiyar Talata ya isa gidan. Dakta Ashafa, wanda ya yi shekara talatin yana GP, wato likitan unguwar, ya tarbe shi a falo, fuskarsa kamar wanda bai runtsa ba. Ya amsa tambayoyi a gajarce. Ya ce rabonsa da ganin jakar tun Asabar ɗin da ta wuce. Bai san wanda ya hau sama ba. Da Gimba ya tambaye shi ra'ayinsa game da Nentawe, sai ya dubi kafet ya ce shi bai zargi kowa ba.

Bara'u ne ya cika ɗakin da magana. Akanta ne mai aikin lissafin kuɗi, mai son a gama abu nan take. Ya ce yarinyar ta san inda komai yake, kuma ranar walimar an ga tana fitowa daga ɗakin Umma sau biyu. Ya ƙara da cewa a bincika Sanda mai tasi, don shi ma ya hau da akwatuna.

Hajiya Saudatu ta kawo shayi da kanta, tana dogara sanda. Mace ce mai kwarjini, wadda ta koyar da lissafi a wata makarantar Aston har ta yi ritaya, kuma rabin matasan Hausawan garin sun taɓa zama a teburin kicin ɗinta suna gyaran jarrabawa. Ta gaishe da Gimba da fara'a, ta zuba masa shayi, sannan ta ce, "Yaya Sabuwa? Ka ce mata ina fushi, ta daina leƙo ni."

Alhali Hajiya ce ta jagoranci matan da suka yi wa gawar Sabuwa wanka.

Dakta ya yi saurin cewa tashin hankalin nan ya rikita ta, ba ta yi barci ba. Bara'u yana kan waya, bai ma ji ba. Gimba ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sha shayinsa. Ya duba ɗakin sama. Ba a ɓalle durowa ba, ba a taɓa taga ba, ga agogon Dakta mai tsada a ajiye a fili ba wanda ya ɗauka.

*

Nentawe na zaune a wani ƙaramin flat a Aston tare da wasu mata biyu. Ta buɗe masa ƙofa da idanu kumbure, ta ba shi kujera ɗaya tilo, ita ta zauna bakin gado. Hausarta ta Jos ce, mai sauri. Ta ce ta hau sama sau biyu ranar Lahadi, na farko don ɗauko maganin Mama, na biyu don canza mata mayafi da miya ta zuba a kai. Ba ta buɗe durowa ba.

Gimba ya tambaye ta ko akwai wanda take zargi. Ta girgiza kai. Ya tambaye ta ko akwai wani abu a gidan da ya kamata ya sani. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ban ɗauka ba," ta ce. "Wannan shi ne nawa, na faɗa maka. Abin da ya wuce haka ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ya tuna mata cewa in maganar ta kai ga 'yan sanda, za ta iya rasa aikin da zaman ƙasar gaba ɗaya, ga 'yarta da take biya wa makaranta a gida. Ta ce ta sani. Da zai tafi ta bi shi har bakin matakala, ta ce don Allah ya gaya wa wani a gidan cewa Mama ba ta shan maganin safe sai an tsaya a kanta, kuma kada a bar mabuɗin ƙofar gaba a jiki.

Gimba ya sauka yana juya maganar. A shekarunsa na aiki bai taɓa ganin ɓarawon da ke damuwa da maganin wanda ya yi wa sata ba.

*

Sanda ya fi ba shi wahala. Ya same shi a layin tasi kusa da kasuwar Erdington, ya shiga gaba ya zauna. Sanda ne ke kai Dakta da Hajiya duk inda za su tun da Dakta ya daina tuƙi. Ya amsa cewa ya hau da akwatuna biyu ya ajiye a bakin ɗaki. Amma gumi yake yi a cikin sanyin nan, yana ta gyara madubi. Da Gimba ya tambaye shi yaushe ya yi musu doguwar tafiya ta ƙarshe, sai ya ce makonni uku da suka wuce ya kai su Coventry wajen wani abokin Dakta, suka kwana. Wace unguwa a Coventry? Ya manta. Wane aboki? Bai riƙe sunan ba.

Direban tasi ba ya manta unguwa. Gimba ya yini ranar Laraba yana bin sawun Sanda. Ya gano yana da ƙane da aka hana takardun zama, irin mutumin da fasfo zai iya yi wa amfani. Ya ɗauka ya kama bakin zaren, sai ga shi ƙanen ya koma Gusau tun watan azumi. Matar liman kuma ta tabbatar tana tsaye a ƙasan matakala lokacin da Sanda ya hau, bai yi minti ɗaya ba ya sauko hannu wofi. Sanda ƙarya yake yi, amma ba a kan jakar ba.

Saura mutum ɗaya da bai ji ta bakinta ba. Inaya ta koma Manchester tun yammacin Lahadi saboda aiki.

*

Ranar Alhamis ya shiga jirgin ƙasa na safe. Inaya injiniya ce, haifaffiyar nan, Hausarta na tafiya ne da sandar Turanci. Ta same shi a wani shagon shayi kusa da ofishinsu, ta buɗe kwamfuta tun kafin ya zauna, kamar mai neman wanda zai ga wahalar da ta sha.

Ta ce tun tana ƙarama Umma ke faɗin tana son ta hau babban jirgin ruwa. Ta yi wata biyu tana zaɓen otal ɗin da za su kwana a Southampton daren Juma'a. Bara'u ya so na kusa da tashar jirgin ƙasa, ita ta ce a'a, sai na kusa da bakin ruwa, inda tasi ba zai yi minti biyar ba ya kai su ƙofar da ake shiga jirgi. Ta nemi ɗaki a ƙasa saboda gwiwar Umma, ta tabbatar akwai wurin cin abincin halal a bayan layin, ta zana musu taswira da hannunta: ga inda za su sauka, ga bas ɗin da ke zuwa bakin ruwa in ba su sami tasi ba, ga inda ake karɓar akwatuna. Abba ya yi murna da farko, har ya sa ta karanta masa sunan otal ɗin sau biyu ya rubuta.

"Sai kawai three weeks ago ya kira ni," ta ce, "wai in canza. Na ce why? Ya ce otal ɗin ƙofa biyu gare shi. Wai akwai ta baya kusa da ɗakin karin kumallo, mutum zai fita ba wanda ya gan shi daga reception, kuma tana buɗewa ne kan titin da bas-bas ke wucewa. Kawu, mun yi faɗa sosai. Na ce masa shi ba yaro ba ne, me ƙofa za ta yi masa?"

Gimba ya ce ta nuna masa hotunan otal ɗin. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya: gaban gini, ɗakuna, bandaki, wurin cin abinci. Babu ƙofar baya a ko'ina, babu ita a bayanin da aka rubuta. Ya tambaye ta ko Dakta na iya bincike a intanet. Ta yi 'yar dariya ta ce ko saƙon email sai ta buɗe masa.

Ya ce ta kira otal ɗin ta tambaya. Ta kira, ta sa a lasifika. Matar da ta ɗauka ta ce e, akwai ƙofar baya kusa da ɗakin karin kumallo, tana fita kan titin bas.

Inaya ta ajiye wayar a hankali. "Ta yaya Abba ya sani? Bai taɓa zuwa Southampton ba."

Gimba ya miƙe. Ya fita waje ya kira Sanda, ya ce masa ya san ba Coventry suka je ba. Sanda ya amsa cewa haka ne. Tashar jirgin ƙasa ta New Street ya kai su ranar, ya ɗauko su washegari da yamma. Hajiya na lulluɓe da wani bargo da ba nata ba, takalmanta jiƙe sharkaf, Dakta kuwa tun daga tasha har gida yana riƙe da hannunta da hannu biyu. Ya sa Sanda ya rantse ba zai faɗa ba.

Gimba ya koma ciki ya ce wa Inaya ta nemi izini a wurin aiki, ta ɗauko motarta.

*

Bayan la'asar suka taru a falon Erdington: Bara'u, Inaya, Sanda, liman, da Hajiya a kujerarta ta kusa da taga. Nentawe ta zo don Gimba ya roƙe ta, amma ba ta cire kwat ɗinta ba, ta tsaya jikin ƙofa.

Gimba ya ja Dakta zuwa kicin tukuna. Ya gaya masa abin da ya sani, ya ce in yana so a yi maganar a rufe, za a yi. Dakta ya dafa teburi.

"A gaban mutane aka tozarta ta," ya ce. "A gaban mutane za a wanke ta."

Ya hau sama ya sauko da tsohuwar jakarsa ta likita. A tsakiyar falo ya buɗe ta, ya fito da jakar fatar, ya ajiye a kan tebur. Bara'u ya miƙe tsaye, sannan ya koma ya zauna.

Dakta ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan ya fara lura mantuwar Hajiya ba irin ta tsufa ba ce. Ya kai ta wajen ƙwararru, suka tabbatar da abin da ya riga ya sani. Ta sa ya yi mata alkawari ba zai gaya wa yara ba, ba zai gaya wa kowa ba, don ba ta son a riƙa kallonta da tausayi a garin da ta koyar da 'ya'yan mutane. Da aka zo da maganar tafiya ya tsorata, sai ya ce bari su je su gwada kwana ɗaya a otal ɗin, ya ga ko za ta iya baƙon wuri. Da safe ya je ɗauko mata shayi, ya juyo bai gan ta ba. Awa huɗu yana zagaye garin cikin ruwan sama, daga bakin ruwa zuwa tsohuwar ganuwa zuwa kasuwa, yana nuna hotonta. Wani direban bas ne ya same ta a tashar ƙarshe, tana tambayar mutane da Hausa ina ake shiga motar Zariya.

"Wannan a tudu ke nan," ya ce. "A jirgi kuwa, ruwa ne ta ko'ina."

Jakar ba sace ta aka yi ba. Hajiya ce ta ɗauke ta ranar walima ta cusa a cikin buhun shinkafa a ɗakin ajiya, ta manta. Shi ya gan ta ranar Litinin da rana, bayan Bara'u ya riga ya kori Nentawe. Ya ɗauko ta zai fito ya yi shela, sai ya tsaya. In ya ce a buhun shinkafa ya same ta, za a tambayi wa ya sa ta a can. In kuwa ta ci gaba da ɓata, tafiya ta rushe da kanta, alkawari bai karye ba. Ya ce wa kansa kwana biyu ne, zai gyara maganar Nentawe daga baya. Kwana biyun suka zama huɗu.

Inaya na kuka ba sauti. Bara'u ya ce, "Abba, da ka gaya mana."

Hajiya Saudatu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ta fito tar, irin ta aji.

"Ku daina kallonsa haka. Ni na hana shi." Ta gyara zaman mayafinta. Sai idonta ya faɗa kan ƙofa, fuskarta ta washe. "Nentawe, ina kika shiga kwana biyu? Kin bar ni da kitson nan duk ya tsufa."

Ba wanda ya gaya mata an kori Nentawe, ko kuwa an gaya mata ta manta.

Nentawe ta ƙaraso ta durƙusa ta riƙe hannunta, ta ce ta ɗan yi tafiya ne, Mama. Ita ta san ciwon tun kafin likitoci su ba shi suna, kuma ita ma Hajiya ta sa ta yi alkawari. Dakta ya matso, dattijo mai shekara saba'in da biyu, ya ce mata ta yafe masa. Bara'u ya zo ya tsaya a bayansa, kansa a ƙasa.

Nentawe ta miƙe ta dubi Dakta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, kana tsaye a taga lokacin da aka zubar da kayana a bakin titi. A lokacin ba ka sani ba, na yarda. Amma Talata ka sani, Laraba ka sani. Ni na riƙe muku sirri, ku ba ku riƙe mini mutunci ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Ku rubuta wa kamfani gaskiya. Yafiya kuma, ku ba ni lokaci."

Ta nemi mataji, ta zauna a bayan Hajiya ta tsefe mata kai ta yi mata kitso huɗu. Da ta gama ta sumbaci goshinta ta fita. Sanda ya bi ta zai rage mata hanya, ta ce za ta hau bas.

*

Washegari Bara'u ya kai wasiƙar da hannunsa, liman kuma ya yi bayani a masallaci bayan sallar Juma'a, gwargwadon abin da iyalin suka yarda a faɗa. An mayar da Nentawe bakin aiki, amma ta nemi a tura ta wani gida a Perry Barr. Waɗanda suka yaɗa sunanta ranar Litinin, kaɗan ne suka yaɗa wankewar.

Ranar Asabar da yamma Gimba na shayar da 'yan tumatirin da ke bayan gidansa, Inaya ta kira shi. Ta ce sun soke shiga jirgin, amma sun zo Southampton su huɗu, a mota. Ta canza otal, ta sami mai ƙofa ɗaya, da ɗaki a sama mai kallon ruwa. Da rana sun zagaya da Umma bakin teku, ita a hannun dama, Bara'u a hagu, sun ci kifi, Umma ta yi ta gyara wa mai shagon lissafin canji.

Ƙarfe biyar jirgin ya busa ƙaho ya fara janyewa daga gaɓa, dogo kamar unguwa guda, mutane cike a samansa suna ɗaga hannu. Suna tsaye a taga. Umma ta ɗaga musu hannu ita ma, ta yi musu addu'ar sauka lafiya. Sannan ta juya wajen Abba ta ce, "Likita, wata rana mu ma ka kai ni irin wannan."

"Me ya ce mata?" Gimba ya tambaya.



"Ya ce in sha Allahu, Hajiya. Sai ta ce to ya rubuta, don shi mantuwa gare shi."